Ciwon mara da ƙuncin al'ada: abin da mai ƙera kayan sauƙi a Kebbi zai fara aunawa

Wanda ya leƙa kemis a Birnin Kebbi, ko ya bi tallace-tallacen WhatsApp, zai ga kaya iri-iri da ake cewa suna rage ciwon mara: ɗamarar da ake jonawa da fawa banki, faci mai ɗumi da ake liƙawa, shayin ganye, audugar da ake wankewa a sake sawa. Yawancinsu an tsara su ne don macen da ke da wuta dare da rana, da ɗaki nata ita kaɗai, a garin da ba a san zafin Afrilu ba. Tela ko ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin fasaha da ke son yin nasa a nan ba zai ci riba da kwaikwayon siffarsu ba. Abin da ya raba mai amfani da mai cutarwa a cikinsu shi ne awo, wato digiri nawa, miligiram nawa, awa nawa. Kuma awon nan a jikin kayan ya kamata ya zauna, don macen da mara ke murɗa mata ba ta da natsuwar yin lissafi.

Ga yadda ciwon ke tasowa. Idan ciki bai shiga ba, sinadarin furojestaron yakan faɗi a ƙarshen wata, shimfiɗar cikin mahaifa ta fara saɓulewa. A lokacin take sakin wani sinadari, furostagilandin, mai sa naman mahaifa ya riƙa matsewa don jinin ya fita. Idan ya yi yawa, matsewar takan danne ƙananan jijiyoyin da ke kai wa mahaifar jini, sai murɗa ta taso. Sinadarin kan taɓa hanji ma, shi ya sa wata ke haɗawa da tashin zuciya, amai ko zawo. Ciwon kan fara awanni kaɗan kafin jini ko tare da shi, ya tsananta a rana ta farko da ta biyu, da wuya ya wuce kwana uku. Ke nan abin da ake nema shi ne wanda zai riƙe mace awa takwas zuwa sha biyu a yini, kwana biyu a jere, tana aji ko tana gaban murhu. Wanda zai yi mata minti ashirin tana kwance ya taimaka, amma bai warware mata yininta ba.

Gashi, da iyakarsa

Gasa mara tsohon magani ne, kuma bincike ya gaskata iyayenmu. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 2001 ya nuna cewa faci mai riƙe zafi kusan digiri 39 na awa 12 a yini yana rage ciwon kwatankwacin yadda ibufurofen ke ragewa. A lura da lambar: 39, ɗan sama kaɗan da zafin jiki. A ɗaya gefen kuma, tun 1947 masu bincike biyu, Moritz da Henriques, suka nuna cewa digiri 44 yana ƙona fata idan ya daɗe kamar awa shida, kuma daga nan zuwa 51 duk ƙarin digiri ɗaya yana rage lokacin da rabi. Ruwa mai digiri 60 cikin daƙiƙu yake ƙona mutum. Filin da mai ƙira ke da shi ƙanƙane ne, daga 39 zuwa 42 a kan fata.

Wahalar ita ce fata tana sabawa da zafi. Bayan minti goma mai ciwo za ta ji kamar abin ya huce, ta ƙara ruwan zafi ko ta zare tsumman da ta naɗe shi da shi. Matan da suka daɗe suna haka sukan sami wani baƙin zane mai kama da raga a ƙasan cibiya, wanda kan ɗauki watanni bai gushe ba. Don haka rigar da ke tsakanin zafi da fata a ɗinke ta yadda ba za a cire ta cikin sauƙi ba.

Gorar roba mai faɗi ta ruwan zafi, mai cin lita 2, har yanzu ita ce ta fi komai arha da ƙarfi. Ruwa yana riƙe zafi fiye da ninki biyu na hatsi mai nauyi ɗaya da shi, kusan ninki biyar na yashi. Ƙa'idarta: kada a zuba tafasasshen ruwa kai tsaye, a cika kashi biyu cikin uku kawai, a matse iskar kafin a ɗaure murfi. Iskar da aka bari a ciki ita ke kumbura gorar har ɗinkin gefenta ya buɗe. Babu mai ma'aunin zafi a gida, amma akwai dabara. Rabi ruwan randa, rabi tafasasshe, yana ba da kusan digiri 60 zuwa 65, wanda da rigar tawul mai ninki biyu zai iso fata da ɗumin da ake so. Mai ƙira sai ya haɗa gorar da kofin awo, ya buga hoto a jikin rigar: kofi biyu na sanyi da farko, sannan kofi biyu na zafi. Na sanyin ne ke fara shiga don kada tafasasshen ya taɓa robar. Roba kuwa tana tsufa da sauri a ɗakin kwano mai zafi, don haka a rubuta shekarar ƙira babba, a ce a sauya bayan shekara biyu ko da zarar an ga tsaga a wuyanta. Gorar ruwan sha ko ta lemo da wasu ke amfani da ita ba ta dace ba sam, don irin robarta tana laushi tana lanƙwashewa tun wajen digiri 70, murfin ya saki.

Jakar hatsi ita ce tela zai fara tunani a jihar da ke noman shinkafa daga Argungu har Suru da Yauri. Tsakin shinkafa ko gero duk suna yi. Jaka mai faɗin santimita 12 da tsawon 25, da hatsi giram 600 zuwa 700, a raba ta gida uku ko huɗu da ɗinki don kada hatsin ya taru a gefe guda idan mace ta miƙe. Yadi da zare duk su zama auduga zalla, don na roba narkewa yake yi. A fara soya hatsin a busasshiyar tukunya kafin a ɗura, in ba haka ba ƙwari za su ƙyanƙyashe a ciki kafin wata na uku. A ƙasashen da aka saba da ita, a na'urar ɗumama abinci ake saka ta. A nan sai dai a ɗora ta kan murfin tukunyar da ke kan wuta, ana juyawa, kuma nan ne haɗarinta yake, don gefe ɗaya kan yi zafi sosai ɗayan na nan da sanyi. A girgiza ta, a ɗora a cikin damtse a ƙirga ashirin kafin a kai mara. Zafinta ba ya wuce rabin awa. Abin kwanciya ce kafin barci, ba ta zuwa makaranta ba.

Facin da ake liƙawa shi ne ya fi kusa da abin da gwajin 2001 ya auna. A cikinsa akwai garin ƙarfe, gawayi, gishiri da ɗan ruwa. Da an yage ledar iska ta shiga, ƙarfen ya fara tsatsa, tsatsar ce ke ba da zafi na awa takwas zuwa sha biyu. Duk sirrinsa yana cikin abu biyu: ledar waje da ba ta barin iska, da girman ƙofofin yadin ciki da ke ƙayyade saurin tsatsar. Huda ɗaya da ido ba ya gani ta isa ta kashe shi tun yana kan kanta. Wanda aka taɓa aka ji ya daskare ya yi tauri, ya riga ya ci wutarsa. Ba abu ba ne da za a haɗa a shagon unguwa, don kuskure kaɗan a ƙofofin nan zai kai shi sama da digiri 50. A jikin kamfai ake liƙa shi, ba a fata ba, kuma ba a barci da shi. Saboda sau ɗaya ake amfani da shi, a ganinmu wurinsa ranakun da ba makawa ne: jarabawar WAEC ko NECO, doguwar tafiya a mota, ranar kasuwar Jega ga mai sana'a.

Ɗamarar lantarki ta fi ɗaukar ido. Yawanci tana jan wat 10 ta igiyar USB. Fawa banki mai lamba 10,000, bayan an cire asarar da ake yi wajen juya wutar, zai riƙe ta kusan awa uku idan tana ci ba tsayawa. Abin lura, gorar roba mai ruwa lita 1.3 da ke hucewa daga digiri 60 zuwa 40 tana sakin zafi kusan daidai da wannan, da kuɗin gawayi kaɗan. Wanda zai haɗa ta lantarki dole ya sa abu uku: ma'aunin zafi a manne da wayar ɗumamawa, fis ɗin da ke yankewa har abada idan zafi ya wuce kima, da agogon da ke kashe ta bayan awa ɗaya ko biyu. Masu arha sukan tsallake na biyun. Wurin da take fara mutuwa kuwa kusan kullum shi ne inda igiya ta shiga yadi, saboda lanƙwasar zama da tashi, sai a ninka ɗinki a wurin.

Ko wanne aka zaɓa, a tuna a watan Afrilu Birnin Kebbi na haura digiri 40. Ɗamarar da ta zagaye ƙugu da soso ƙurajen zufa za ta haifar. Wurin ɗumi ya tsaya a faɗin tafin hannu biyu a ƙasan cibiya, da wani aljihu a baya ga masu ciwon ƙugu, sauran kuwa siririn yadin auduga. Igiyar ɗauri ta fi maɗaurin nan mai ƙaya-ƙaya irin na takalmin yara, wanda ke cika da ƙurar hunturu, kuma ƙararsa kaɗai ta isa ta tona yarinya a ɗakin kwanan makaranta. Kaurinta kada ya nuna a ƙarƙashin zani.

Akwai kuma ƙaramar na'urar TENS mai aika tsinken lantarki ta fata, wadda ta ginu kan bayanin da Melzack da Wall suka yi a 1965 cewa saƙon taɓawa yana iya tare hanyar saƙon ciwo a laka. Tana taimakon wasu. Rauninta a nan fatun liƙawar ne: zufa na sa su zame, iskar hunturu na busar da su, kuma ba a samun na canji a gari. Wanda ba zai iya kawo na canji a kai a kai ba, kada ya fara sayar da ita.

Ƙwayar da aka sani, kunshin da ba a gyara ba

Ibufurofen da danginsa suna hana jiki ƙera furostagilandin ne, ba sa goge wanda ya riga ya fita. Shi ya sa wadda ta jira sai ciwo ya kayar da ita take cewa maganin ba ya aiki. A sha da alamar farko. Ga babbar mace, miligiram 400 duk awa takwas, da abinci a ciki, kada a wuce 1,200 a yini ba da umarnin likita ba, na kwana biyu zuwa uku.

Abin da ake samu a ƙasa daban ne. Sau da yawa haɗi ake ƙullo wa yarinya a leda, ibufurofen da dikilofenak da firoksikam wuri guda, alhali dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, gyambon ciki da wahalar ƙoda yake ƙarawa. Firoksikam ɗin ma, tun 2007 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a daina ba da shi don ciwon ɗan lokaci. Gyaran nan aikin kunshi ne, kuma na masu lasisi ne kaɗai: kati mai ƙwaya tara, layi uku na kwana uku, da hoton kwanon abinci kusa da kowace. Maimakon lambar agogo a sa asuba, azahar, bayan isha. Ko tana fashin salla, kiran salla na shiga kunnenta, kuma tazarar ta yi kusa da awa takwas. A baya a rubuta da Hausar boko da ajami: “Kada ki sha idan kina da gyambon ciki, ciwon ƙoda, asmar da magani ke tayarwa, ko kina zaton kina da ciki.” A ƙara layi ɗaya da kusan kowa ke mantawa, cewa maganin na iya rage yawan jinin. Matan da ba a gaya wa ba sukan ɗauka jinin ya taru a ciki ne zai hana su haihuwa, su watsar da shi.

A ɓangaren gargajiya, citta ce ke da ɗan abin kamawa. Ƙananan gwaje-gwaje, da yawansu a Iran, sun yi amfani da garinta miligiram 750 zuwa 2,000 a yini a kwanaki uku ko huɗu na farko, an kuma ga sauƙi. Rabin cokalin shayi kusan giram ɗaya ne. Mai son sayarwa ya ƙulla miligiram 500 a kowane ƙaramin kunshi, sau uku a yini, daga cittar da ta bushe sarai ba fumfuna. Fiye da haka ƙwannafi take kawowa. Kada a zuba kanwa, kada kuma a ɓoye garin ƙwayar bature a ciki don a ce maganin na da ƙarfi. Lambar NAFDAC wajibi ce, sai dai a kan kayan ganye tana nuna an duba lafiyar shansa ne, ba shaidar yana warkarwa ba ce.

Ƙunci iri biyu

Ana cakuɗa su, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko fargaba ce: kada jini ya ɓata zani, kada a ji wari, kada a ga shanya. Yarinyar da kayan makarantarta fari ne takan ƙi miƙewa a aji har a tashi. Wannan ƙuncin ɗinki ke maganinsa. Audugar wanki mai kyau hawa uku ce: auduga mai laushi a sama, tawul ninki biyu ko uku a tsakiya, yadi mai rufin da ruwa ba ya ratsawa a ƙasa. Tsawon santimita 25 na rana, 33 na dare mai faɗin baya, da fukafukai masu maɓallin roba, don na ƙarfe tsatsa yake yi. Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Wasu kan sa ledar shago a ƙasa, tana ƙara, tana tara zufa, tana fashewa a wanki na biyar. Wasu kuma kan ɗinke hawa duka wuri guda, ta yi kaurin da ba za ta bushe a damina ba, kuma ɗinkin da ya ratsa tsakiya ya zama hanyar yoyo. Gara tsakiyar ta zama ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake ninkewa a cusa. Idan an warware shi a kan igiya hankici ne kawai a idon mai wucewa, don haka za a shanya shi a rana maimakon a ƙarƙashin katifa. Launi mai duhu, ba turare, a canza duk awa huɗu zuwa shida, a fara jiƙawa da ruwan sanyi don na zafi kama jini yake yi da yadi. A haɗa da ƙaramar jaka mai aljihu biyu, na tsabta da na wadda aka cire. Dokar Kuɗi ta 2019 ta cire harajin VAT daga audugar mata da aka yi a Najeriya, amma wadda ake yarwa har yanzu kuɗin kowane wata ce, shi ya sa ta wanki ke da kasuwa.

Na biyu daga cikin jiki yake. Mako ɗaya ko biyu kafin jini, wasu matan kan shiga saurin fushi, kuka ba dalili, rashin barci, nauyin nono, abin kuma ya washe kwana kaɗan da zuwan jinin. Ga kaɗan daga cikinsu yakan yi tsananin da zai girgiza aure ko karatu. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sanya wannan mai tsananin cikin jerin cututtuka a 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a kundinta da ya fara aiki a 2022, kuma yana da magani. A gidajenmu kuwa sau da yawa baƙin hali ake kiransa. Babu ɗamara ko shayin da zai warkar da shi, mai tallar da ya ce haka yaudara yake yi. Abin da kaya zai iya shi ne nuna tsarin, domin likita ma ba ya tabbatar da cutar sai an rubuta alamomi kullum na wata biyu a jere.

Manhajar waya ba ita ce amsa ba inda waya ɗaya ke yawo tsakanin miji, ƙane da 'ya'ya. Kati ya fi: mai ninkewa ya shiga jakar hannu, gida 35 a jere, layi huɗu masu hoto, na jini, na ciwo, na fushi ko ƙunci, na barci. Kowane dare ta sa ɗigo ɗaya, biyu ko uku. Matan nan ba baƙin ƙirga ba ne, tun a Islamiyya sun san a mazhabar Malikiyya mafi yawan haila kwana 15 ne, mafi ƙarancin tsarki ma 15, sun san ƙarin kwana uku na jira. Katin da zai yi mata lissafin salla da azumin ramuwa shi ne za ta riƙe, sauran layukan su bi bayansa. Bayan wata biyu, idan ɗigon ƙunci ya taru gab da jini ya ɓace bayansa, ta sami abin nuna wa maigida da likita. Idan ya bazu a duk wata, wata damuwar ce daban, ita ma ta asibiti. Idan kuwa tunanin cutar da kanta ya zo mata, ba a jiran wata biyu. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, akwai na ƙwaƙwalwa a Kware ta jihar Sakkwato.

Haɗarin kaya mai kyau shi ne ya lulluɓe cutar da ke buƙatar likita. Kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na da endometiriyosis, inda nama irin na shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a wajenta. Akwai ƙarin da ke fitowa a mahaifa, akwai ciwon sanyin da ya hau sama. A garuruwan bakin ruwa irin su Yauri da Argungu a ƙara da tsargiya, wadda ba fitsarin jini kaɗai take sawa ba, tana taɓa al'aura da bakin mahaifa ta kawo ciwon mara da ɗigon jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, don haka zubar da ta yi yawa ba abin rainawa ba ce. Kowane kunshi ya ɗauki alamomin zuwa asibiti da hoto: auduga na cika duk awa ɗaya ko biyu, jini ya wuce kwana bakwai, ciwon na ƙaruwa shekara bayan shekara ko ya fara bayan an girma, zazzaɓi da ruwa mai wari, ciwo lokacin saduwa. Ɗaya a cikinsu na gaggawa ne, a yi masa jan launi: al'ada ta yi jinkiri, sannan ciwo mai tsanani ya kama gefe guda, da jiri. Yana iya zama ciki a wajen mahaifa, kuma gashi a nan ɓata lokaci ne.

Kafin a kai kasuwa, a gwada a kan tebur. A sa ma'aunin zafi tsakanin kayan da tawul mai ninki, a rubuta lamba duk minti goma na awa biyu, sau ɗaya da rana a ɗakin kwano, sau ɗaya da asuba. Duk wanda ya taɓa 43 ya koma a ƙara masa riga. Audugar wanki a zuba mata ruwa mai launi cokali-cokali, a danna da nauyi, a ga inda ta fara yoyo, sannan a wanke ta sau talatin a sake gwadawa. Gwaji da mutane kuwa mata ne za su yi shi, da yardar masu gwadawa, da ta iyaye idan 'yan mata ne. Wata na farko ba a ba da komai, ana rubuta ciwon ne kawai, don ciwon mara da kansa yana hawa yana sauka daga wata zuwa wata. Sannan wata uku da kayan. Tambayar “Yaya kika ji shi, Hajiya?” ba ta fitar da komai, kunya za ta sa a ce madalla. A roƙi a dawo da kayan a duba: inda ɗinki ya saki, inda aka ƙara ɗauri da tsumma, rigar da aka farke don a ji zafi sosai, da wanda ya dawo sabo fil ba a taɓa shi ba.